Baffa Iro da Saniyar Teku

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baffa Iro ya san gaisuwarsa ba a tafin hannu take ƙarewa ba. Yana sakin hannunka sai ka ji yatsunsa a haƙarƙarinka, ya ɗan matsa, ya gangara kwiɓi, ya kaɗa kai, sannan ya tambayi mutanen gida. Shekara hamsin yana fawa, hannun ya saba, ba ya raba ɗan'adam da tunkiya. Ranar da maigidana ya fara zuwa gaishe shi, ya sha babbar riga ta aro, Baffa ya laluba shi ta cikin rigar, ya ɗaga murya yadda zan ji daga cikin gida, ya ce, "Uwata, wannan in aka cire rigar ba zai yi kashi uku ba." Bawan Allah har yau in ya tuna sai ya shafa cikinsa.

Wan mahaifina ne, sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Tambayarsa kuwa a duniya guda ɗaya ce, kun santa: "A ina ake sa wuƙa?" Da aka fara kawo tarakta garinmu, sau biyu ya zagaya ta yana neman wuyanta. Da bai samu ba ya ce wannan ba abin da za a amince wa ba ne, kuma har ya bar duniya ba ta taka gonarsa ba.

Amma ba a maganar Baffa a bar Baba Tanimu mai kifi. Masunci ne ɗan masunta, ko da yake da girma ya zo sai ya koma saro bandar kifi yana bin kasuwanni, yau Mai'adua, gobe Zango. Kun san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta, kowa na cewa sana'ar ɗan'uwansa wari take. To su biyun nan sun mai da wasan abincinsu. Kullum bayan Azahar suna gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, kwano ɗaya, Baffa na cewa ya matsa can ƙarni ya dame shi, shi kuma yana cewa ƙudajen mahauta ne suka biyo Baffa. Tun kafin a haife ni suke haka.

Duk gardamarsu wuri ɗaya take ƙarewa. Baba Tanimu ya yi dako a Ikko yana saurayi, kuma wai wata safiya teku ta yi aman wani kifi a bakin gaɓa, matacce, tsawonsa ya fi tirela biyu. Mutane na hawa da tsani, ana sara da gatari. Shi ma ya yanko tsoka ya gasa ya ci. Da zarar Baffa ya fara alfahari da raƙumi ko bajimin sa, sai Baba Tanimu ya gyara zama ya ce kifinsa na Ikko zai haɗiye raƙumin ya nemi ruwan korawa. Nan sai Baffa ya huce a kan tuwo. Shekara arba'in ana kayar da shi da kifi ɗaya.

Sai ni, uwar iyayi. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandaren 'yan mata ta wajen Sandamu. Na zo gida hutu, na fito musu da ruwan sha, na tarar ana labarin nan karo na dubu, mutane sun taru ana sauraro. Da na ajiye kofin na koma ciki da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Ina! Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ai wannan da ka gani ba kifi ba ne."

Lomar Baffa ta tsaya a hanya. Ya ce in durƙusa in maimaita. Ni kuwa sai na ji kamar ina gaban allo. Na ce sunansa wel da Turanci a littafinmu, a ruwa yake zaune amma ba ya iya numfashi a cikin ruwa yadda kifi ke yi, dole ya taso sama ya shaƙi iska ta wani hanci da ke tsakar kansa, in aka hana shi tasowa nutsewa zai yi ya mutu. Na ce ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa. Jininsa da ɗumi kamar namu, kuma ba ƙaya ce a jikinsa ba, ƙashi ne.

"Yana da huhu?" in ji Baffa.

Na ce yana da shi.

"Cibiya fa?"

Na ce da ita.

"Kitse?"

Na ce kitse kam ya fi na kowace dabba.

Baffa ya ajiye lomar nan a hankali, ya dubi abokinsa ya ce, "Tanimu, ashe saniya ka gani. Shekara arba'in kana dukana da saniyata." Aka kwashe da dariya, har shi Baba Tanimun ya ɗan murmusa. Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma Baffa ya ga wuri, ya ƙara da cewa, "To wa ya yanka ta?" Ya dubi jama'a ya ce, "Ba wanda ya yanka? Ashe mushe ka ci, Alhaji."

Dariyar da aka yi a karo na biyu har cikin gida aka ji ta. Baba Tanimu ya janye hannunsa daga kwanon. Ya wanke hannu, ya sa takalmi, ya tafi. Washegari bai zo ba, jibi ma haka.

Baffa da farko ko a jikinsa. Murna yake, an ba shi gadon da bai san yana da shi ba. Ya sa na nemo masa hoton dabbar mai motsi a wayata, ya kafa tabarau, ya sa babban yatsa yana danna gilashin wai yana jin kitse, hoton na tsayawa, yana cewa na ɓata. Da ya ga uwa da ɗanta suna iyo gefe da gefe ya ce to ga maraƙi nan, wa ke da sauran magana? Na nuna masa yadda jelar ke kaɗawa sama da ƙasa, ta kifi kuwa hagu da dama take yi. Ya ce shi jela ba ta dame shi ba, a ina ake sa wuƙa? Muka duba, muka sake dubawa, kai ya haɗe da jiki, babu wuya. Wannan ya dagula masa lissafi ƙwarai. Ya ce Allah ba ya yin dabba ya hana ta wurin yanka, sai dai in mai ɗaukar hoton ne bai iya aikinsa ba.

Da na ce mafi girmansu kan kai mita talatin, ya ce shi bai san mita ba, in faɗa masa da taku. Muka yi ta lissafi har na rikice, ya ƙwace aikin. Ya auna daga gindin dalbejiya har ya wuce rijiyar masallaci, ya debo toka a murhun Gwaggo Abu, matarsa, ya zana dabbar a tsakiyar hanya, da kai da ciki da jela. Ya ɗauko kujera ya zauna gadi. Wani ɗan acaɓa ya taho da fasinja, Baffa ya daka masa tsawa ya ce ya kewaya, zai taka masa hanta. Mutumin ya duba ƙasa, ya duba Baffa, ya kewaya ta bayan masallaci. Kwana biyu ana kewaye tokar nan kafin awaki su gama da ita.

To amma kwanon rana ya fara dawowa cikin gida kamar yadda ya fita. Baffa zai zauna gindin bishiya, ya buɗe, ya ɗan taɓa gefe ɗaya, ya rufe. Gwaggo Abu ta tare ni a madafa ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin mutumin nan ya ci tuwon rana shi kaɗai ba, kuma ba zai iya ba. Ta ce ni na kwance, ni zan ɗaure, in ba haka ba kada in sake in koma Sandamu.

Na ɗauki littafina na tafi gidan Baba Tanimu, a tunanina in na yi masa bayani a natse zai gane ba ƙaryata shi na yi ba. Na same shi yana jera kifi a kwando. Ya amsa gaisuwata sarai, ya ce in karanto hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Na ce na farko, yana shaƙar iska. Ya ce gaiwa fa? Gaiwa tasowa take ta shaƙi iska, in tafki ya ƙafe ta shige laka ta yi watanni a ciki ba ruwa, ita ma saniya ce? Gaskiyarsa ce kuwa, gaiwa na da huhu kuma kifi ce. Na ce na biyu, ba shi da ɓawo a jiki, santsi ne da shi. Ya ɗago tarwaɗa ɗaya ta jela ya ce in nuna masa ɓawonta. Na ce to haihuwa. Ya ce tsakanina da Allah duk cikin teku babu kifin da ke haihuwa? Ni da shegen son gaskiya na ce akwai wasu. Ya ce madalla, saura me? Na ce nono. Ya ce na taɓa sha? Na ce a'a. Ya ce wanda ya rubuta littafin ya taɓa sha? Wallahi a zaune nake amma sai da na ji kaina na juyawa. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da abin nan, ban taɓa jin ya kuɓuce mini ba sai ranar.

Na tashi zan tafi, sai ya sassauta murya. Ya ce, "Malama, bar littafin. Ki faɗa mini, mushe na ci?"

Ashe abin da ke cinsa ke nan. Ya ce tun ranar bai ji daɗin Sallarsa ba, yana ta istigfari. Naman nan ya zama jini a jikinsa, da shi ya yi aure, da shi ya je Makka. Idona ya kawo ruwa, don ban taɓa ganin tsohon nan da tsoro ba. Na ce masa wannan shafin babu shi a littafina, sai dai mu je wurin Liman.

Aka haɗu a zauren Liman bayan La'asar, su biyun kowa na kallon bango daban, ni ina rakuɓe bakin ƙofa. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce abin da rayuwarsa take cikin teku halal ne, ba ya bukatar yanka, ko da matacce aka tsince shi. Saboda haka Alhaji Tanimu bai ci haram ba. Baba Tanimu ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska.

Baffa ya ce to ke nan kifi ne? Liman ya ce shi bai ce ba, wannan fannin Malama ne. Aka juyo kaina. Na ce ba kifi ba ne. Baffa ya ce to dabba ce mai jini da huhu? Na ce e. Ya ce kuma ba a yanka ta? Liman ya ce ba a yankawa. Baba Tanimu ya ce wa bango, abin da ba a yankawa na masunta ne. Baffa ya ce wa nasa bangon, abin da ke da huhu na mahauta ne. Liman ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Ana cikin haka wata Bafulatana da ke kawo wa iyalin Liman nono ta fito daga cikin gida da ƙwaryarta a ka. Ashe ta daɗe a soro tana ji. Ta tsaya ta ce a gafarce ta, wannan abin da ake faɗa a kai, an ce yana shayarwa? Na ce e. Ta ce, "To me ya kawo mahauci da masunci? Ai namu ne." Ta wuce abinta.

Liman ya yi dariya har da tari. Su biyun ne kaɗai ba su dara ba. Kowa ya sa takalminsa ya bi hanyarsa.

Na zaci an gama, tunda Liman ya wanke Baba Tanimu. Da na koma na ce wa Baba Tanimu ya dawo gindin bishiya mana, sai ya ce zunubin ya fita amma dariyar ba ta fita ba. Ya ce shekara bakwai ya yi a Ikko yana ɗaukar kayan mutane a ka, bai dawo da gida ba, bai dawo da mota ba, labarin nan kaɗai ya dawo da shi. Yanzu in ya buɗe baki zai ce kifina, sai wani ya ce saniya dai. To me zai zo ya faɗa? Na fito daga gidan ina jin kamar in tsinke harshena.

Na huce a kan Baffa. Na ce masa ya tashi ya je ya ba mutumin nan haƙuri, girma ya kama shi. Ya ce tun da aka fara fawa mahauci bai taɓa ba masunci haƙuri ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Na ce to ya zauna yunwa ta kashe shi, in ga ko saniyar tekun za ta zo gaisuwa. Ya ce wai ni da aka sa wa sunan uwarsa har halin na ɗauko. Sati uku aka yi a haka, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Ran nan da hantsi ya leƙo ya ce in ɗauko littafina in biyo shi, yana bukatar shaida. Muka tafi har ƙofar gidan Baba Tanimu. Bai yi sallama ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana dabbar, 'yar daidai wannan karon, sannan ya ce wa iska, da ƙarfi, wai za a yi watanda, mai rabo ya fito. Kun san yadda ake yi in an haɗu an sayi sa, mahauci ya kasa naman kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Baba Tanimu ya leƙo, ya ga abin da ake, ya tsaya a bakin zaure ya harɗe hannu.

Baffa ya fara tsaga zanen da tsinke, yana magana kamar mai aiki a mahauta. Huhu na mahauta, ya ja gefe. Cibiya da kitse da ƙashi, na mahauta. Nono a ajiye wa Bafulatana kada ta kai ƙara. Jela ta masunta, fikafikan gefe na masunta, ruwan da yake ciki gaba ɗaya na masunta, shi ba ya so ko kofi ɗaya. Sai ya tsaya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Gani da ido kuma naka ne kai kaɗai, Tanimu. Ni ko kogin kirki ban taɓa gani ba. In kana faɗa ina jin kamar na je."

Baba Tanimu ya tako a hankali, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon zanen. Can ya sa yatsa a tsakiya ya ce, "Hantar fa? Ka ɓoye hanta, ɓarawon mahauci."

Ranar kwano ya dawo cikin gida a sharce, Gwaggo Abu har ta ƙara musu. Hantar nan kuwa shekara shida suka yi suna jan ta. Duk hutun da na zo sai an kira ni shaida. Kifi na da hanta? Yana da ita. Saniya fa? Tana da ita. To ta wa ce? In ce ban sani ba. Su haɗa baki su ce ina amfanin karatun nawa. Labarin Ikko ma ya dawo, sai dai ya sauya. Baba Tanimu ya ce kifi, Baffa ya ce rabi dai, a ci gaba. A aji har gobe ina rubuta wa ɗalibaina cewa wel ba kifi ba ne, kuma haka ne, wadda ta rubuta kifi a jarrabawa zan soke. Amma duk sanda wata ta ɗaga hannu ta ce Malama to mene ne shi, sai na ɗan yi jim kafin in amsa.

Bara da kaka Baffa ya kwanta, kwana huɗu kacal, ran na biyar da rana Allah ya karɓi abinsa. Baba Tanimu ne a kansa. Ran sadakar uku, da mutane suka ragu, ya aiko a kira ni. Na same shi gindin dalbejiya, an kawo masa abinci bai buɗe ba. Na durƙusa, muka yi wa juna gaisuwa. Ya ce wai ana gobe Baffa zai rasu ya kama hannunsa ya ce ya bar masa hantar, da huhun, da komai.

Ya ce, "Yanzu duk an bar mini, Malama. Me zan yi da shi? Wa zai ce mini rabi dai?"

Na zauna nan nesa kaɗan har ya buɗe kwanon ya ci loma uku, don kada a ce ya ci shi kaɗai.

Allah ya jiƙan Baffa Iro, ya yafe masa dariyar da ta yi yawa da taurin kan da bai cuci kowa da gangan ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi. Ya ba Baba Tanimu haƙurin zaman da ya rage, in tasa ta zo ya sada su a inuwa ɗaya, da kwano ɗaya a gabansu. Mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.